Laifi Tudu Ne: Labarin Akawu Morel

Akwai wata magana da ta kan cika bakin mutane duk sa'ad da ƙasa ta shiga tsanani, watau wai wanda ya saɓa wa abin da hukuma da jama'a suka haɗu a kai, to, ko munafuki ne, ko kuwa an saye shi. Masu wannan magana su kan ce, "Ashe shi kaɗai ke da hankali? Dubban mutane duk sun ɓata, shi ɗaya ya shiryu?" Maganar tana da daɗin ji, tana kuwa da sauƙin riƙewa, domin ba ta bukatar bincike, ƙidayar kawuna kurum za a yi. Amma ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai jawo hasara. Labarin wani akawu na ƙasar Ingila, wanda a ke kira Edmund Morel, ya isa shaida. Mutumin nan ya sha tsayawa gaban mutanen ƙasarsu da magana, wani lokaci su ɗaukaka shi, wani lokaci su jefe shi, kuma ba gaskiyar maganar ko ƙaryarta su ke dubawa ba. Wanda maganar ta taɓa, shi a ke dubawa.

An haifi Morel a birnin Paris cikin shekarar 1873. Ubansa Bafaranshe ne, uwarsa Baturiyar Ingila. Uban ya rasu yaron yana ƙarami, bai kuwa bar dukiya ba, saboda haka Morel bai yi nisa a makaranta ba, tun yana saurayi ya kama aikin akawu a Libaful, a kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster, wanda jiragensa suka daɗe suna kai da kawowa tsakanin Ingila da Ikko. Cikin 1896 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila.

A wannan zamani ƙasar Kwango ba ta hannun gwamnatin Beljiyam. Tun 1885 mallakar mutum ɗaya ce, Sarki Leopold na Biyu, kamar yadda mutum ke mallakar gonarsa, ko da ya ke ta fi Beljiyam girma fiye da sau 70, shi kuwa bai taɓa taka ta ba har ya mutu. Ya gaya wa duniya wai ya shiga ƙasar ne don ya kashe cinikin bayi, ya buɗe hanyar fatauci. Kamfanin su Morel ne ke jigilar kayan Kwango zuwa tashar Antwerp ta Beljiyam, da ya ke kuwa Morel yana jin Faransanci, shi a kan tura ya duba sauke kaya da lodi. Can ya lura da wani abu. Jirage na zuwa shaƙe da danƙo, watau roba, da hauren giwa na kuɗi masu yawan gaske, amma in za su koma, galibin abin da a ke zuba musu hafsoshi ne da bindigogi da harsashi da albarushi. Ba wasu kayan ciniki da za su yi kusa da biyan abin da aka kawo. Kowane akawu ya san littafin lissafi shafi biyu gare shi, na shiga da na fita. In ɗaya ya cika ya batse, ɗayan ya zauna fayau, to, akwai wanda a ke ƙwace wa. Morel bai taɓa zuwa Kwango ba, daga takardun kaya ya gane ba saye a ke yi ba, aikin tilas a ke sa mutane da bakin bindiga.

Haka kuwa abin ya ke. A kan yanka wa kowane ƙauye yawan danƙon da zai kawo, a kama mata a tsare har mazansu su cika mudu, wanda ya gaza a ba shi kashi da bulalar dorina. Sojan da ya harba harsashi ya kan yanko hannun mutum ya kawo, don hafsansa ya tabbata ba a farauta ya ɓata harsashin ba. Masana tarihi suna lissafa waɗanda suka halaka ta kisa da yunwa da cuta da miliyoyi. Da Morel ya kai wa manyansa magana, sai suka nemi toshe masa baki da ƙarin girma da kuɗi. Ya ƙi, ya ajiye aiki, alhali yana da iyali, ba shi da wata gona ko gado. Cikin 1903 ya kafa jaridarsa, cikin 1904 kuma shi da Roger Casement, ƙaramin jakadan Ingila wanda ya zaga Kwango ya ga abin da idonsa, suka kafa Jam'iyyar Gyaran Kwango. Ba su huta ba sai da aka tilasta wa Leopold ya saki ƙasar cikin 1908.

Daga nan Morel ya zama ɗan lelen Ingila. Manyan limaman coci, da 'yan Majalisa, da attajirai, da marubuta, kowa na so a gan shi kusa da shi. Jaridar Times ta turo shi Nijeriya cikin 1910, ya zo har Zariya da Kano, ya koma ya rubuta littafi a kan ƙasar wanda aka buga cikin 1911. A shekarar nan kuma aka yi babban taro a London aka girmama shi, aka ba shi kyautar kuɗi mai tsoka. Ya cancanci yabon, ba shakka. Amma ya kamata mai karatu ya lura da abu guda: yabon nan bai ci wa mutanen Ingila kome ba. Mai laifin sarkin wata ƙasa ne, ƙasar kuwa ƙarama. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowa na son mai gaskiya muddin yatsansa na nuna gidan maƙwabci.

To, sai yatsan ya juyo gida. Cikin shekarun da ya yi yana fama da sha'anin Kwango, Morel ya ga yadda ofishin harkokin waje na Ingila ke aiki: 'yan mutane kaɗan su ƙulla alkawari da wata ƙasa a asirce, Majalisa ba ta sani ba, balle talaka wanda ɗansa zai je ya mutu don a cika alkawarin. Cikin 1912 ya buga littafi a kan sha'anin Maroko, inda ya tona yadda yarjejeniyar da Ingila ta yi da Faransa cikin 1904 ta ke da sharuɗɗa na fili da kuma na ɓoye. Akwai ma abin da ya fi wannan. Tun 1906 hafsoshin Ingila da na Faransa ke shawara a ɓoye kan yadda za su haɗa ƙarfi in yaƙi ya tashi da Jamus, yawancin ministoci ba su ji labari ba sai 1911. An tambayi gwamnati a Majalisa cikin 1913 da 1914, ta amsa cewa ba wani alkawari na ɓoye da ya ɗaure hannun Ingila. Sai ran 3 ga Agusta 1914 Sir Edward Grey, Ministan Harkokin Waje, ya tashi ya bayyana wa Majalisa shawarwarin nan, ya nuna mutuncin ƙasa ya riga ya rataya a kansu. Kashegari aka shiga yaƙi, bayan da Jamus ta auka wa Beljiyam.

Morel da abokansa, Ramsay MacDonald da Charles Trevelyan da Norman Angell da Arthur Ponsonby, suka kafa wata jam'iyya mai suna Union of Democratic Control, Morel ne sakatare. Ba su ce soja ya yar da bindiga ba, ba su kuwa ce a miƙa wuya ga Jamus ba. Abin da suka nema shi ne kada a ƙara ƙulla alkawari da wata ƙasa sai da yardar Majalisa, kada a ɗauke wani lardi daga hannun wata gwamnati a ba wata sai an tambayi mazauna wurin, a rage makamai, in an zo sulhu kuma kada a yi shi ta hanyar da za ta haifi wani yaƙi. Duk wanda ya karanta waɗannan da sanyin zuciya zai rasa inda cin amana ya ke a ciki.

Amma zuciya ba ta yi sanyi ba a lokacin. Jaridun da suka yabe shi jiya suka shiga tambaya, wai wane ne ma wannan Morel, wa kuma ke ba shi kuɗi? Aka tono cewa a Paris aka haife shi, aka mai da shi baƙo, alhali Faransa ɗin ita ce abokiyar Ingila a yaƙin, wanda ya nuna masu zagin ba su ma tsaya sun daidaita zaginsu ba. Aka kira shi ɗan koren Jamus. Jaridar Daily Express ta riƙa buga wuraren da jam'iyyar za ta yi taro tana zuga mutane su je su watsa shi, har cikin Nuwamba 1915 sojoji suka kutsa wani zauren taro a London suka kore masu lacca daga kan dandamali. 'Yan sanda suka binciki ofishinsa da gidansa, suka kwashe takardu. Da aka rataye Casement cikin Agusta 1916 saboda ya nemi taimakon Jamus don 'yancin ƙasarsu Ailan, sai aka ce ai ga abokin Morel nan, kowa ya ga irinsu. Duk wannan bincike, ba a taɓa samun shaidar ko anini ɗaya da ya fito daga Jamus ya shiga hannunsa ba.

Masu kare abin da aka yi masa suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Su kan ce lokacin da gida ke cin wuta ba lokacin gardama ba ne, kowa ya ɗauki guga. Su kan ce uwar da ɗanta ke cikin rami a bakin daga ba ta bukatar wani ya zo ya ce mata shugabanni sun yi mata rufa-rufa, abokan gaba kuma suna jin daɗin kowace baraka. Akwai gaskiya a nan. Da Morel ya sayar da asirin soja, ko ya gaya wa Jamus inda jirage za su bi, da ba mai tausaya masa. Amma misalin gobara bai dace ba, gama gobara ba ta shekara huɗu, kuma ba a zama a shawarta yaushe za a daina ta. Yaƙi kuwa mutane ke tsawaita shi, mutane ke yanke shi. Ran 1 ga Yuli 1916 kaɗai, a bakin kogin Somme, sojan Ingila fiye da 19,000 suka mutu tsakanin safiya da dare. Wanda a ke karɓar 'ya'yansa da wannan yawa, ashe ba shi da ikon ya tambayi me a ke nema, kuma me zai isa a tsaya? In an ce tambayar sai bayan yaƙi, to, an ce ke nan sai bayan ba ta da sauran amfani. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya fi tona asirin hukuma shi ne irin laifin da ta kama shi da shi. Shekara uku tana neman inda za ta riƙe shi a kan abin da ya rubuta, ta rasa. Sai cikin Agusta 1917 aka gano ya aika da wani ɗan littafinsa zuwa ga Romain Rolland, wani mashahurin marubuci Bafaranshe da ke zaune a Siwizalan. Akwai wata doka ta lokacin yaƙi da ta hana aika bugaggen abu zuwa ƙasar da ba ta cikin yaƙin sai da izini. Ɗan littafin nan ana sayar da shi a fili cikin Ingila, kowa na iya saye. A kan wannan aka yanke masa wata shida a kurkukun Pentonville, gidan da aka rataye Casement cikin 1916, aka sa shi ɗinkin buhunan wasiƙu da ɗaukar kaya masu nauyi, ga sanyi, ga ƙarancin abinci. Hukumar da ke da amsar magana ba ta bin ta bayan gida haka. Ɗauri ba amsa ba ne, shaida ce cewa amsa ta ƙare.

Yana cikin kurkukun nan abubuwa uku suka auku waɗanda suka isa su sa alƙalinsa jin kunya. Cikin Nuwamba 1917 sababbin masu mulkin Rasha suka buɗe akwatunan tsohuwar gwamnatinsu suka buga alkawuran ɓoye duka, jaridar Manchester Guardian ta kwafa ta watsa a Ingila. Sai ga shi an yi wa Rasha alkawarin Santambul, an yi wa Italiya alkawarin yankuna cikin 1915 don ta shigo yaƙi, cikin 1916 kuma Ingila da Faransa sun raba ƙasashen Larabawa na daular Turkawa a takarda, wannan ya ɗauki wajen Sham, wancan wajen Bagadaza, alhali ana can ana yi wa Sharif Husaini na Makka alkawarin mulkin Larabawa in ya tayar wa Turkawa. Abin da aka ce Morel ya ƙaga, ga shi da sa hannu da hatimi. A ƙarshen watan nan kuma Lord Lansdowne, wanda shi ne ya sa hannu a yarjejeniyar 1904, kuma ɗansa ya mutu a yaƙin, ya rubuta wasiƙa a jarida yana cewa a nemi sulhu tun ƙasashen Turai ba su gama halaka ba. An zage shi ƙwarai, amma ba wanda ya yi mafarkin kai shi Pentonville, domin shi babban basarake ne, ba tsohon akawun kamfani ba. Sa'an nan ran 8 ga Janairu 1918 Shugaba Wilson na Amurka ya bayyana sharuɗɗansa 14 na sulhu, na farkonsu kuwa shi ne a daina alkawuran ɓoye tsakanin ƙasashe. Jaridu suka yi ta yabon hikimarsa. Wanda ya riga shi faɗa da shekaru yana ɗaki a kulle yana ɗinkin buhu. Da aka sake shi a ƙarshen watan, Bertrand Russell, shehun malamin nan, ya gan shi ya ba da labari cewa kansa ya yi fari fat, ƙarfinsa ya tafi.

Kada mai karatu ya zaci ana so a mai da Morel waliyyi. Ya yi kuskure, har da babba. Don tsananin haushin gwamnatinsu ya riƙa sassauta wa Jamus fiye da kima, alhali sojanta sun kashe farar hula fiye da 6,000 a Beljiyam da Faransa cikin 1914, sun ƙone ɗakin littattafan Louvain, kuma sharuɗɗan da ta ɗora wa Rasha cikin Maris 1918 sun nuna ita ma haɗama gare ta. Waɗannan duka abin a amsa masa ne da hujja, an kuwa sami masu amsawa.

Mafi munin abin da ya yi ya zo bayan yaƙi. Faransa ta girke soja a yankin kogin Rhine na Jamus, cikinsu akwai 'yan Afirka, daga Maroko da Aljeriya da Madagaskar da Afirka ta Yamma, 'yan'uwan waɗanda dubbansu suka mutu suna kare Faransa. Cikin Afrilu 1920 Morel ya rubuta a jaridar Daily Herald cewa wai baƙaƙen sojan nan dabbobi ne da ba su iya kame kansu, wai an sake su ne a kan matan Turawa. Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa don mutanen Kwango, shi ne ya zubar da mutuncin baƙar fata duka da alƙalaminsa, don kurum ya sami sandan dukan Faransa. Janar Allen, shugaban sojan Amurka da ke yankin, ya bincika ya ba da rahoto cewa an zuguiguita maganar ƙwarai da gaske. To, me jama'a suka yi wa Morel a kan wannan? Ba a watsa taronsa ba, ba a binciki gidansa ba, ba a tambayi wa ke ba shi kuɗi ba. Aka yi ta buga ɗan littafinsa ana sakewa, aka juya shi cikin harsuna, jam'iyyun ma'aikata da na mata suka yi ta zartad da shawarwari suna goyon bayansa. Da ya faɗi gaskiya a kan masu ƙarfi an ɗaure shi, da ya yi ƙazafi ga marasa ƙarfi an ɗauke shi a kafaɗa. Ƙazafin kuwa bai mutu nan ba, mutanen Hitler sun ɗauke shi sun raya, har cikin 1937 suka kama ɗaruruwan 'ya'yan da sojan nan suka haifa da matan Jamus suka yi musu aikin da ya hana su haihuwa.

A wannan karo wanda ya tsaya shi kaɗai wani ne dabam, Claude McKay, baƙar fata mutumin Jamaika, marubuci, wanda ke zaune a London a lokacin. Ya rubuta wa Daily Herald amsa, editan ya ƙi bugawa, sai wata mace, Sylvia Pankhurst, ta buga a 'yar ƙaramar jaridarta. Ya ce fyaɗe fyaɗe ne ko wane launi ya aikata shi, ya kuma yi gargaɗi cewa irin wannan rubutu zai ƙara jawo wa baƙaƙen da ke zaune a Ingila bala'i, ga shi kuwa cikin 1919 an riga an far musu a Libaful da Cardiff. Mutane kaɗan suka karanta. Da ƙidayar kawuna ce ma'auni, da McKay ne maƙaryaci a shekarar nan, kamar yadda Morel ya zama maƙaryaci cikin 1917. Wannan abin lura ne musamman ga wanda ya koyi karatu da girmansa, gama ya kan ɗauka duk abin da aka buga da inji ya tabbata. Jarida mutane ke rubuta ta, suna da abokai, suna da abokan gaba. In ta ce wane maci amana ne, abin da ya kamaci mai karatu shi ne ya nemi abin da wanen ya faɗa da bakinsa ya karanta, ya kuma tambayi wa zai ƙaru in an rufe bakin.

Mutanen Ingila dai sun juyo daga baya, kamar yadda jama'a ta saba, ba tare da ta ce ta yi kuskure ba. Cikin zaɓen Nuwamba 1922 Morel ya tsaya a garin Dundee ya sami ƙuri'a fiye da 30,000, Winston Churchill, wanda ya yi minista a gwamnatin da ta ɗaure shi, ya sami kimanin 20,000 ya rasa kujerarsa. MacDonald, wanda aka kayar cikin 1918 don ya ƙi yaƙin, ya zama Firayim Minista cikin Janairu 1924, amma bai ba Morel ko wane muƙami ba, ya riƙe harkokin waje da kansa. Ponsonby ne ya zama mataimakinsa a can, shi ne kuwa ya kafa ƙa'idar cewa kowace yarjejeniya da wata ƙasa sai an ajiye ta gaban Majalisa kwana 21 kafin a tabbatar da ita. Morel bai daɗe yana ganin wannan ba. Zuciyarsa ba ta koma daidai ba tun fitowarsa daga Pentonville, ran 12 ga Nuwamba 1924 ya faɗi a wata gona a lardin Devon ya mutu, yana da shekara 51.